Awon Iya Bartola

"Bi ta doron, 'yar nan! Waliyyiya za ki yi wa ƙwange?" in ji Iya Bartola.

Ghita ta mayar da zaren tsakar kan tsohuwar, ta bi ƙusumbin a hankali har diddige, ta ƙulla. Shekara arba'in maƙwabciyar tata, Iya Bartola, na wannan aiki a ƙauyen. Duk wanda ciwo ya kayar, ita ke auna shi da zare, ta tsoma a kakin zuma, ta kunna kyandir mai tsawonsa a kabarin Waliyyiya Aldisa. Yau ga mai awon a kwance.

"Kada in tafi ba a kunna ba," in ji tsohuwar. "Da wane ido zan dube ta?"

Ga shi kuwa Fada Ranieri, limamin cocin ƙauyen, ya garƙame ɗakin kabarin tun bayan girbin inabi. Wai bishop bai san da wata waliyyiya Aldisa ba, masaƙiya ce kawai da mata suka kambama. Ji fa!

Ghita ta tsoma zaren, ta naɗe kyandirin kamar gammo, ta nufi coci tun bai huce ba. Ta tarar da Fada Ranieri yana shara.

"Fada, mabuɗi."

"Na gaya muku, umarni ne daga sama."

"Wane saman? Ranar da tari ya shaƙe ka kana jariri, bishop ne ya auna ka? Ni na riƙe wa Iya Bartola ƙafafunka. Taƙi biyu ne kai duka-duka, sai tsala ihu."

Ya jingine tsintsiyarsa.

"Ni dai ban ba ki ba," ya ce. "Yana jikin ƙusa. Zan je duba itatuwan zaitun."

Ta buɗe, ta kunna, ta hau matakalar dutse tana haki. Tun daga lungu ta hango tagogin gidan Iya Bartola a wangale, mata sun cika ƙofa.

"Tun yaushe ta cika?"

"Kina fita."

Ghita ta kutsa ciki. Ta durƙusa, ta kai baki kunnen gawar.

"An kunna, Iya. Har doron ban rage ba."

Ana cikin wankan gawar, matar mai gashin burodi ta leƙo, rungume da 'yarta da ke rawar ɗari. Ta tsaya a bakin ƙofa. Ghita ta goge hannu a zani, ta ɗauko ragowar zaren daga kan taga.

"Miƙar mini da ƙafafunta."