Tiyo a Ƙarƙashin Bel

Aikina hawa eriyar sadarwa, dogayen ƙarafan nan da mutane ke zagi idan kira ya ƙi shiga. Yayana ne ya koya mini, shi ne kuma abokin hawana. A wurinmu ba mai ɗaga ƙafa sai abokinsa ya bi ɗamarar hawansa maɗauri bayan maɗauri, ya ja kowanne da ƙarfi, duk abin da ya ga yana reto ya cusa shi ƙarƙashin bel. Bakin riga ne, igiyar hula ce, duk ɗaya. Abin da ke reto shi ke maƙalewa a ƙarfe.

Ciwon suga ya same ni ina tsakiyar ƙarfina, irin wanda ba a rayuwa sai da insulin. Na daɗe a kan allura. Ita allura in ka yi ta ka yi ta, ba a kiranta ta dawo. Ranar da aiki ya yi nauyi sai suga ya faɗi ina can sama, ina tsotson alewa kamar ɗan yaye. Likitar kamfani ta gaji da ni. Ta ce ko in koma famfon insulin, wanda ake rage wa gudu kafin a hau, ko in koma riƙon igiya a ƙasa. Ƙasa kuwa wurin sababbin shiga ne da waɗanda gwiwa ta ci amanarsu. Na karɓi famfo.

Abin bai cika tafin hannu ba. Yana zaune a aljihu, siririn tiyo ya fito daga jikinsa ya shiga fatar ciki. Matata ta ce na zama janareto. Ban yi dariya ba, ban kuma ji haushi ba.

Ranar da abin ya faru muna wata eriya a bayan gari, tsakiyar gonaki. Yaya ya zo duba ni kamar kullum. Ya ga tiyon ya leƙo ta gefen riga, hannunsa ya yi abin da ya saba: ya cusa shi ƙarƙashin bel, ya dafa ni da gwiwa, ya ja. Ni ina kallon sama ina lissafin inda zan fara. Ban gani ba.

Tiyon ya lanƙwashe, insulin ya daina shiga. An ce famfon ya yi ta kuka, amma a can sama iska ba ta barin kowa magana. Na ci abincina a rataye, na danna maɓallin famfo don ya ba ni insulin, na ci gaba da ɗaure noti. Ƙishirwa ta zo, na ce rana ce. Na shanye ruwana, na shanye na Yaya. Wajen la'asar sifanar ɗaure notin ta yi mini nauyi a hannu, amai ya biyo baya. Yaya ne ya sauko da ni da igiya a hankali, kamar buhun siminti.

A asibiti nas ta ɗaga tiyon tana nuna mana inda ya lanƙwashe gida biyu.

"Wani abu ne ya danne shi," in ji ta. "Me kake ɗaurawa a nan?"

Yaya ya dubi tiyon, ya dubi shatin bel da ke cikina, ya fita baranda. Har aka sallame ni bai sake zama a kujerar gefen gadon ba, sai dai ya miƙo ledar lemo daga bakin ƙofa.

Likitar ta ajiye mini su biyu a tebur, alƙalamin allura da famfo. Ta yi bayani tiryan-tiryan. Da allura ba tiyo, ba abin da zai danne, amma ba za ta bari in hau ba, don sugan da ya faɗi a sama ba ya jiran igiya. Da famfo zan hau, in na kiyaye hanyar tiyo kuma ina gwada jini a kan kari. Na zauna ina kallon su kamar an ce in zaɓi launin bokiti. Raina bai ce mini komai ba. Na tura yatsa na taɓa famfon, don dai hawa kaɗai na iya.

Matata ta ɗinka mini aljihu a cikin riga, can saman ƙirji. Na mayar da tiyon nesa da inda bel ke zama, na manne shi da filasta. Ko mai neman faɗa ba zai same shi ba.

Da na koma aiki, na sa ɗamara na tsaya a gindin eriya, na buɗe hannuwa. Yaya ya zo. Ya taɓa maɗaurin kafaɗa, ya taɓa na cinya. Da ya iso bel sai ya ɗora yatsu biyu a kai, ya ɗauke.

"Ya yi," ya ce.

"Ba ka ja ba, Yaya."

"Na duba. Ya yi."

"Tiyon ba ya nan. Ga shi a sama, taɓa ka ji. Ja kawai."

Ya kama bakin bel ɗin. Mutumin da ke ɗaga gangar naɗin waya shi kaɗai, ya ja kamar mai gyara wa jariri zane. Ina jin bel ɗin yana yawo a ƙuguna. Ya san na ji, ni ma na san ya sani.

"Ka kira wani ya duba ka, Dogo," ya ce, idonsa a ƙasa.

Akwai wasu, gaskiya ne, kuma da na kira da sun zo. Amma tun ranar da na fara hawa ban taɓa barin ƙasa da jan hannun wani ba, kuma in na kira wani a gaban mutane, shi ke nan an san abin da ya faru da Yaya. Na tsaya ina jira in ji fushi ko tausayi. Cikin biyun ba wanda ya zo.

Na kwance ɗamarar, na ninke ta, na sa a bayan mota. Na ce wa oga kaina na ɗan juyawa. Sannan na zagaya bayan Yaya, na bi maɗauransa ɗaya bayan ɗaya, na dafa shi da gwiwa na ja bel ɗinsa har ya yi nishi. Ya fara hawa, ni kuma na ɗauki igiya.