Daminar Dalhatu

A shekarar 1975, lokacin da kuɗin mai suka sa Riyad ta haukace da gine-gine, wani kamfanin siminti ya yi niyyar kafa masana'anta a kudancin gari, can bayan Aziziya inda kwalta ta ƙare. Masu kamfanin suka ce kafin a haƙa ko rami ɗaya sai an san inda iska take kaɗawa, kada ƙurar siminti ta riƙa sauka a cikin tukwanen mutane. Saboda haka aka kafa na'urar auna yanayi a tsakiyar fako, aka kewaye ta da waya, aka nemi mai gadi. Aka samu Dalhatu.

Dalhatu mutumin Funtuwa ne, kuma kafin ya zo shekara tara ya yi yana sayar da shayi a bakin tasha. Duk wanda ya taɓa shan shayinsa ya san halinsa. Ba ya iya ganin kofi a ajiye bai ɗauraye shi ba, ko da yanzun nan ya ɗauraye shi. Abin da ke hana shi sukuni a Riyad abu ɗaya ne, iƙamarsa, takardar izinin zama, wadda saura wata huɗu ta mutu. Mudirin kamfanin, wato shugabansa, Abu Sa'ad, shi ne kafilinsa, mai ɗauke da nauyin zamansa a ƙasar, kuma ya faɗa masa a fili: in ya riƙe gadin nan wata uku ba tare da ƙorafi ba za a sabunta masa, in kuwa aka ji wani abu, jirgi na nan.

Ranar farko wani Baturen injiniya da ake kira Mai Lofe ya zaga da shi wurin. Maikuɗi, direban kamfanin, ɗan garinsu Dalhatu wanda ya tsinto Turanci a Kaduna, shi ke tafinta. Ga wani dogon ƙarfe mai ƙoƙuna uku a ka, suna juyi in iska ta buso. Ga farin akwati mai tagogi kamar akurkin kaji. Ga wani bokitin ƙarfe mai mazurari a baki, wai shi ke auna ruwan sama. Sannan a cikin wani akwati mai kwaɗo akwai alƙalami da ke rubutu a kan naɗin takarda shi kaɗai, ba hannun kowa.

"Ya ce kada ka taɓa komai," in ji Maikuɗi. "Abu ɗaya kawai, mazurarin nan. Kada yashi ya toshe shi. Kullum ya zama a tsaftace."

"Iyakar aikin ke nan?"

"Iyakarsa ke nan, mutumina. Sai zama."

Dalhatu ya dubi mazurarin, ya ji tausayin Bature. A ce mutum ya tsallako teku don ya koya wa mai shayi tsaftace mazurari!

Suna tafiya wurin ya yi tsit. Babu gida, babu itace, ko akuya babu. Daga shi sai 'yar rumfarsa ta kwano, da duron ruwa da tanka ke cikawa duk mako, da butarsa. Da azahar ta yi ya yi alwala, ruwa ya rage a buta. A ƙasar da ake kawo ruwa a mota, mai hankali ba ya zubar da shi a banza, in kuma ya bar shi a buta rana za ta mayar da shi na shayi. Ya leƙa mazurari, ya ga har yashi ya fara kwanciya. Sai ya tsiyaya masa sauran ruwan, ya sa yatsa ya zagaya bakin. Daga cikin bokitin ya ji wani sauti, ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Abin da ba wanda ya gaya masa shi ne, a cikin bokitin akwai wani ɗan cokali mai baki biyu. In ruwa ya cika shi sai ya tuntsure, kuma duk tuntsurewa ɗaya alƙalamin nan zai yi tsalle a kan takarda, ya rubuta cewa an yi ruwa. Dalhatu kuwa ya ɗauka ƙarfen ne yake nuna jin daɗinsa. Ya ce masa, "Ba komai, ai an zama ɗaya."

Daga ranar abin ya zama al'ada. Duk alwalar da ya yi, sauran ruwan na mazurari ne. Har ya zamana in bai ji ƙwas ɗin nan ba sai ya ji kamar ya yi sallama ba a amsa ba. Ranar Juma'a ce kawai yake barin wurin. Da hantsi zai taka zuwa kwalta, ya tsayar da motar kayan lambu ta sauke shi a Aziziya, ya shiga bas zuwa unguwar Batha, ya yi salla, ya ci tuwo a wurin wata Zaituna mai abinci, ya ji Hausa har kunnensa ya ƙoshi, sannan ya dawo kafin magariba.

Shi kuma Mai Lofe, ayyuka sun yi masa yawa, ba ya samun sukunin zuwa canja takarda sai ranar Juma'a da rana, da ake hutu. Ƙarshen wata na farko ya zo da makullinsa, bai ga mai gadi ba. Ya buɗe akwati ya warware takarda, lofe ya kusa faɗuwa daga bakinsa. Watan Yuni, a Riyad, inda ko gajimare ba ya kuskuren biyowa, takarda ta ce an yi ruwa kullum. Ya kwance cokalin ya sa sabo. Ƙarshen wata na biyu ya dawo, babu mai gadi, damina kuma tana nan daram. Ya tumɓuke bokitin gaba ɗaya ya dasa wani sabo fil a kwali. Dalhatu ya dawo daga Batha ya tarar da sabon mazurari yana ƙyalli, ya ji daɗi ƙwarai, ya ce lallai an yaba da aikinsa. Ya yi masa maraba da rabin buta.

Ƙarshen wata na uku Maikuɗi ya zo da mota, fuskarsa ba annuri.

"Tashi, mudir na kira."

"Lafiya dai? Ko maganar iƙama ce?"

"Ita ce, amma ba ta inda kake so ba. Bature ya ce sau uku yana zuwa bai taɓa ganinka ba. Ya ce ba ka zama, kuma na'ura ta lalace a hannunka. Dalhatu, ni na kawo ka aikin nan. Gaya mini gaskiya, kana da wata sana'a a Batha?"

Dalhatu ya rantse, ya sake rantsewa. Amma duk tsawon hanya ya san ba shi da shaida. Wa ya gan shi? Wata uku a fako, ko ƙadangare ba zai ce ga wanda ya san shi ba. Ya tuna ranar da aka raka shi tasha a Funtuwa, da yadda ya ba ƙaninsa teburin shayi da kofuna ya ce ya riƙe har abada. Kunyar komawa ta fi tsoron jirgin damunsa.

Ofishin yana unguwar Dira, a saman wani shagon darduma. Abu Sa'ad na zaune da carbi a hannu, fasfon Dalhatu da iƙamarsa na gabansa a kan tebur. Mai Lofe ya shimfiɗa takardun nan uku tun daga tebur har ƙasa, yana magana yana bugun su da gindin lofe. Maikuɗi na juya wa mudir da Larabcinsa na tasha, yana jefa wa Dalhatu Hausa ta gefen baki.

"Ya ce wai takarda ta nuna ana ruwa kullum."

"Ruwa? A ina? Wallahi ko ɗigo ban gani ba!"

"Shi ya sa ya ce ta lalace. Ya ce abin da ya fi ɗaure masa kai, ruwan yana da lokaci. Ƙarfe huɗu saura na asuba. Sha biyun rana. Uku da 'yan mintoci. Bakwai saura kwata. Takwas da kwata. Kuma kullum yana ɗan gusawa da minti ɗaya ko biyu. Ya ce shekararsa ashirin a aikin nan bai taɓa ganin ƙarfe ya lalace da tsari haka ba."

Dalhatu ya ƙirga lokutan a zuciyarsa. Waɗannan lokuta ai ko a mafarki aka tashe shi zai karanto su. Ya tuna ƙwas, ƙwas. Ashe ba godiya ƙarfen yake yi ba, rubuta shi yake yi! In ya yi shiru, an kore shi a kan ba ya zama. In ya yi magana, ya amsa da bakinsa cewa shi ya ɓata wa kamfani aikin wata uku, har da bokiti sabo. Mudir ya riga ya ɗauki alƙalami, ya jawo fasfon gabansa, ya ce, "Halas," wato magana ta ƙare.

"Ranka ya daɗe," in ji Dalhatu. "Yaya Maikuɗi, gaya masa. Ni ne ruwan."

Maikuɗi ya zaro ido. "Kai ne me?"

Dalhatu ya kwashe labarin buta da mazurari ya faɗa, bai rage komai ba. Maikuɗi ya juya shi Larabci, ya sake juya shi Turanci, yana yi yana share gumi. Mai Lofe ya nemi kujera ya zauna a hankali, ya rufe fuska da hannu biyu. Kafaɗunsa suka fara girgiza, ba wanda ya san ko kuka yake ko dariya.

Abu Sa'ad ya ajiye alƙalami. Ya miƙe ya ciro kalandar lokutan salla daga bango, ya sa tabarau, ya durƙusa a kan takardun da farar jallabiyarsa. Yatsa ɗaya a kalanda, ɗaya a takarda, yana bi rana bayan rana. Aka kawo gahawa ta huce ba wanda ya sha.

"Nan babu isha'i," in ji shi ba tare da ya ɗago ba.

"Na riƙe alwalar magariba ce, ranka ya daɗe."

"To. Nan kuma babu azahar, babu la'asar. Nan ma haka."

"Juma'a ce. Ina Batha."

Mudir ya ɗago ya dubi Mai Lofe ta saman tabarau, ya tambayi wace rana yake zuwa canja takarda. Da aka ba shi amsa sai ya girgiza kai kawai, irin girgizawar da ake yi wa wanda ya je kasuwa ranar da ba ta ci. Ya koma kan takarda, ya yi nisa, sai yatsansa ya tsaya cik.

"Ya Dalhatu! Ran sha huɗu ga watan jiya. Asuba ƙarfe shida da rabi? Rana ta fito!"

"Kunama ce ta harbe ni, ranka ya daɗe. Ban samu barci ba sai gab da asuba."

"Sau ɗaya a wata uku," in ji mudir. Ya miƙe yana kaɗe gwiwa. "Ni kaina ba zan so a ajiye mini irin wannan takarda ba."

Sai a lokacin Mai Lofe ya buɗe fuska, idanunsa jajawur. Ya ce lissafin iska bai taɓu ba, shi ne kuma abin da kamfani ke nema. Na ruwa kuwa, tunda ba a yi ko ɗigo ba, zai rubuta babu. Ya ƙara da cewa yana da irin wannan na'ura a wurare huɗu, duk yashi ya cika mazuraransu, wannan ce kaɗai za a iya shan shayi a cikinta. Amma don girman Allah a raba mutumin nan da buta, a ba shi buroshi.

Abu Sa'ad ya sa hannu a takardar sabuntawa, ya buga hatimi. Dalhatu ya ji kamar an sauke masa buhun siminti daga ka. Ya yi godiya har sau uku, ya kai bakin ƙofa, sannan ya dawo ya tambaya ko za a ba shi takardun nan tunda an ce ba su da amfani. Mai Lofe ya naɗe su da kansa ya miƙa masa da hannu biyu.

Maikuɗi ya sauke shi a fako rana na shirin faɗuwa, ya juya mota yana ta dariya shi kaɗai. Wurin ya sake yin tsit. Dalhatu ya sa naɗin takardun a ƙarƙashin matashinsa, ya goge mazurari da sabon buroshi, ya ɗebi ruwa ya yi alwalar magariba. Ruwa ya rage a buta. Kafin ya ankara ƙafarsa ta kai shi gaban bokitin, hannunsa har ya karkata. Ya tsaya. Kewa ta kama shi sosai, don wata uku cur ƙarfen nan ne kaɗai a duk ƙasar ya san da zamansa, kuma da aka tambaye shi bai rage masa ko rana ɗaya ba.

Ya juya ya tsiyaye ruwan a gindin waya, yashi ya shanye ba ƙara. Ya dafa bakin mazurarin ya ce, "Ka huta, abokina. Mala'iku masu rubutawa na nan." Sannan ya shimfiɗa darduma ya ta da salla.