Idon Hagu

An ɗauki Lawan Dauda a makarantar koyon aikin jiragen sama ta Zariya, amma ba a ajin matuƙa ba. Idonsa na hagu ne ya hana. Ɗan Rafin Guza ne, mahaifinsa direban motar haya. A daminar 1992 ya ci jarrabawar rubutu, ya ci ta baka, saura gwajin likita kawai.

Ana cikin jiran ranar sai ciwon afolo ya shigo unguwa. Lawan ya tashi da idanu jajir, kwantsa ta manne su. Ciwon bai dame shi ba kamar gwajin da ke tafe.

Da yamma mahaifinsa, Malam Dauda, ya dawo daga tashar Kawo da wata 'yar kwalba marar rubutu.

"Wajen mai tallan maganin nan da lasifika na karɓo," in ji shi. "Ya ce ɗigo biyu, gobe kana nan za ka hango allura a Rigachikun."

"Baba, da asibiti muka je."

"Su ce ka dawo mako mai zuwa? Uwani, zo riƙe mini kan ɗanki."

Da hagu aka fara. Zafin ya ratsa har ƙeya, Lawan ya ture hannun uban ya ruga bakin randa. Abin da ya ceci na dama ke nan.

*

Likitan makarantar ya daɗe yana haska idon.

"Me aka zuba maka?"

Lawan ya girgiza kai. Sunan abin ma bai sani ba.

"Ba kai ne na farko ba a bana," in ji likitan. Ya ce akwai tabo a kan baƙin idon. Yana iya washewa, yana iya zama.

Lawan ya fita ya tsaya gindin darbejiya yana kallon wani ƙaramin jirgin koyo yana tashi. Ya rufe idon dama, jirgin ya koma kamar hayaƙi. Nan Malam Zakari, mai koyar da gyaran injin jirgi, ya same shi. Yana cikin waɗanda suka yi masa jarrabawar baka.

"Samari, ka ɗauka matuƙa kaɗai muke yayewa? Akwai injiniyoyi, akwai masu kula da na'urorin sadarwa. Lissafinka ya kai. Kuma jirgi ba ya barin ƙasa sai mun sa hannu."

"In idon ya warke fa, Malam?"

"Sai ka sake nema, kana sane da abin da ke cikin cikin jirgin."

*

"Wato bakanike," in ji Malam Dauda da ya ji labari.

"Bakaniken jirgi, Baba."

"To, in ka iya, ka fara da motata." Ya yi dariya, amma bai kalli gefen hagu na fuskar ɗansa ba.

Ranar tafiya Ladidi, ƙanwar Lawan, ta tashi da jan ido. Uwani ta miƙa hannu bakin taga inda kwalbar take. Lawan ya buɗe baki, uban ya riga shi.

"Ajiye ta. Ɗauko mata mayafi."

Aka sa akwatin Lawan a but ɗin motar uban, Ladidi a gidan baya. Asibitin ido za a fara zuwa, sannan Zariya. Da suka zo Kawo lasifikar na nan tana aiki, mutane sanye da baƙin tabarau sun yi layi. Malam Dauda ya ɗaga gilashin mota ya wuce.

Lawan ya fara karatu ranar Litinin. Likita ya ce a watan Maris zai sake duba idon.