Ashe Barci Ɗaya Ne

Tun da Auta ya samu aikin gwajin jini a wani asibiti can ƙetaren teku, amsarsa ɗaya ce in an ce ya zo gida: hanya da nisa. Haka ya ce lokacin bikin 'yar yayarsa, haka ya ce da ciwon mahaifinsu ya tsananta, har aka binne tsohon, Auta yana kuka ta waya. Ba ƙarya ce tsagwaronta ba, amma yana ƙara mata gishiri. Yakan gaya wa Inna, mahaifiyarsa, yadda ƙafa ke kumbura a jirgi, kunne ya toshe, ga ruwa a ƙasa ba iyaka. Ita kuwa sai ta ce, "Yi zamanka, ɗan nan, kada ka halaka kanka saboda mu."

Da yanar ido ta rufe wa Inna ido ɗaya, yayarsa ta dage sai an kai ta wurinsa an yi mata aiki.

Auta ya je tarbar ta a filin jirgi da rigar sanyi a hannu, har ya roƙi a tanadi keken guragu. Sai ga Inna ta fito da ƙafarta garau, tana jan akwati.

A mota ya ce, "Sannu Inna, kin sha hanya."

"Wace hanya? An kawo abinci na ci, na yi salla a zaune, na ɗan kishingiɗa. Sai yarinyar nan mai hidima ta taɓa ni wai mun iso. Na ce ko dai shan mai aka tsaya?" Ta yi dariya. "Ni da na bi maƙwabta gida-gida ina neman gafara! Keken ɗinkina ma na bar wa yayarka, ko da ban dawo ba."

Auta ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya tuna hutun da yake cinyewa a kan doguwar kujera gaban talabijin. Fitilar hanya ta ba su hannu bai gani ba, sai da na baya suka danna masa oda.

"Inna, ni dai..."

"Dubi gabanka." Ta juya tana kallon benaye da idonta mai lafiya. Can ta ce, ba da faɗa ba, "Mahaifinka har ya koma ga Allah yana ce wa mutane, ku ƙyale yaron nan, ba ku san wurin ba ne."



Da idon ya warke, ya ɗauki hutu ya raka ta gida da kansa. Yayarsa ce ta buɗe musu ƙofa. Ta rungume Inna, sannan ta dube shi sama da ƙasa.

"Inna, wannan baƙon fa, a ina za mu sauke shi?"

Ya sunkuyar da kai, ya shige da akwatin.