Tsirkiya Mai Kauri

A ƙungiyar kiɗan Yaya ni ce mai bes, ƙaton gogen nan na katako da ya fi ni tsawo. Can baya nake tsayawa, jikin labule. Ko fashi na yi, mai ganga ba ya sani sai an gaya masa.

Da tsirkiyata ta tsinke, Yaya ya raka ni shago. Mai shagon ya zube kwalayen tsirkiya a kan teburin gilashi, ya dube ni.

"Ƙanwata, da bakan goge kike gogawa, ko da yatsa kike ja?"

"Ba ta masu taushi," in ji Yaya. "Hannunta kamar na jariri. Shi bes ai bango ne, ba a son jin sa."

Na sunkuyar da kai kamar kullum. Amma a lungu akwai wani bes a jingine, da tsirkiyoyin ƙarfe masu kauri kamar igiyar shanya. Na lallaɓa na ja mafi kaurin. Gilashin teburin ya hau kyarma, na ji ƙarar har cikin haƙarƙarina.

"Irin waɗannan nake so."

"Za su ci miki fata kafin ki yi kanta," in ji mai shago.

"Su ci."

Yaya ya yi dariya. "Auta, yau bakin ya buɗe? To ki ji, ranar da kika danne min murya, gida za ki zauna. Masu bes ba su ƙare ba."

Na ɗauki kwalin masu kaurin, na riƙe gam. A gida na ɗaura su. Yatsuna suka yi bororo, suka fashe, suka sake yi. Ko wanke-wanke sai ina cije leɓe.

Ranar gwaji, ina jan tsirkiyar farko mai ganga ya waiwayo da sanda a sama.

"Kai! Dama akwai mutum a nan?"

Yaya ya ɗaga hannu, kiɗa ya tsaya cak.

"Auta, rage ƙara."

Na dafa jikin besin.

"Ba shi da maɓalli, Yaya. Katako ne."

Mai ganga ya kifa kai a kan gangarsa yana dariya. Yaya ya dube ni, ya dubi ƙofa. Ban motsa ba. Na ƙara rungume besin, yatsana na kan tsirkiyar.

Can dai ya ja tsaki, ya jawo makirufo daf da bakinsa.

"Daga farko."

Na ja da ƙarfi, fiye da ɗazu.