Hannun Dama a Kujerar Baya

Sharuɗɗan digiri na biyu a fannin koyar da Turanci ga waɗanda ba harshensu ba ne suna da yawa, kuma Malama ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ta kusa yin furfura a kansu. Ta ci jarrabawar ƙwarewa a harshen, ta sha karatun yadda babba ke koyon baƙon harshe, ta yi rubuce-rubuce har yatsunta suka yi kanta. Abu ɗaya ya rage mata. Za ta koyar da ajin manya na zango guda, a ɗauki darasi ɗaya a bidiyo, sannan ta zauna da Dakta, matar da ke duba aikinta a jami'a, su kalla tare. In Dakta ta girgiza kai, sai maimaita shekara.

Ajin yana zama ne da yamma a wata makarantar firamare bayan yara sun tashi. Sai ka ga manyan mutane sun takure a kujerun yara, gwiwa na dukan teburi. Akwai direbobi, akwai mai sayar da magani, akwai telolin mata da suka fi kowa kai da surutu. Akwai kuma Baba, mahaifin Malama, mai gyaran keken ɗinki.

Ba ita ta gayyace shi ba. Yayanta ya daɗe a ƙasar waje, 'ya'yansa kuma ba su jin komai sai Turanci. In an kira waya aka miƙa wa Baba, sai ya yi ta murmushi yana gyaɗa kai, su ma su yi ta kallonsa, har wani ya karɓe wayar. Ranar da ya ji za ta buɗe aji, sai ga shi da sabon biro a aljihu.

"Auta, ki rubuta ni," in ji shi. "In ban koya a hannunki ba, a hannun wa zan koya?"

Gaskiya ɗaya ce, Baba shi ne na ƙarshe a ajin. Kalma in ta shiga bakinsa sai ta fito a karkace, telolin nan su sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya. Shi ko a jikinsa. Ita ce dai kunya takan kama, ta yi maza ta wuce kan wani.

Da ranar ɗaukar bidiyo ta matso, barci ya ƙaurace mata. Ta kai kukanta wurin malamin lissafi na makarantar da take aiki da safe, mutumin da bai taɓa rasa dabara ba, kuma bai taɓa kawo mai kyau ba.

"Wannan ne ya hana ki sukuni?" ya ce. "Haka muke yi in masu duba makarantu za su zo. Ki ce musu duk tambayar da kika yi kowa ya ɗaga hannu. Wanda ya sani ya ɗaga dama, wanda bai sani ba ya ɗaga hagu. Ke kuma kin san inda za ki nuna. Mai kallo ya ga aji ya cika da hazikai."

Ta san ba daidai ba ne. Ta karanta littattafan da suka ce ɗalibi sai ya yi kuskure yake koyo, har ta ci maki mai kyau a kan wannan batun. Duk da haka ta shiga aji ta bayyana musu tsarin, ta kuma gaya musu darasin zai kasance a kan iyali da sana'a. Suka yi dariya, suka ce wannan mai sauƙi ne. Baba kaɗai ne ya yi tambaya.

"Hagu kuma, Auta? A nuna wa manya hagu?"

"Na rana ɗaya ne, Baba."

"To, shi ke nan. Yadda kika ce."

Ranar ta zo. Ta sauya wa mutane wurin zama, teloli a gaba, Baba can kujerar ƙarshe kusa da taga, wai don ya sha iska. Ta kafa kyamarar da aka ba ta aro a bayan aji, ta danna, ta koma gaban allo. Darasi ya tafi sumul. Kowace tambaya hannuwa su tashi, ta zaɓi na dama, amsa ta fito tsaf. Ta tashi ajin tana jin kamar an sauke mata buhu daga ka.

Bayan kwana biyu ta shiga ofishin Dakta. Ƙaramin ɗaki ne cike da littattafai, fanka na juyawa a gajiye. Dakta mace ce mai ƙarancin magana, irin waɗanda shirunsu ya fi faɗan wasu ciwo. Ta kunna bidiyon a kwamfuta, suka zuba ido.

A nan ne Malama ta ga abin da ba ta lissafa ba. Kyamara tana baya, don haka mutumin da ya fi kowa girma a hoton shi ne Baba: ƙeyarsa, hularsa, kafaɗarsa da ta ɗan ranƙwafa. Kowace tambaya yana ɗaga hagu, a hankali, kamar hannun ya yi masa nauyi. Can wajen ƙarshe, da ta ce wani ya faɗi abu ɗaya game da iyalinsa, sai ya ɗaga dama. Ya ɗaga shi sosai, har ya ɗan tashi daga kujera.

Ta tuna. Ta gan shi a lokacin. Ta ce wa ranta ya rikita hannuwan ne, ta kira mai sayar da magani. Ta sake tambayar, ya sake ɗagawa, ta kira wata tela. Hannun ya daɗe a sama kafin ya sauka.

Dakta ta tsayar da hoton.

"Wannan dattijon fa? Ban ji muryarsa ba ko sau ɗaya. Wane ne?"

"Wani dattijo ne a unguwarmu," in ji Malama. "Yana da ɗan nauyin fahimta."

Maganar ta fita kafin ta tare ta.  Dakta ta mayar da bidiyon baya kaɗan, ta ƙara murya, domin ta lura bakinsa na motsi. Da yake yana dab da kyamara, raɗarsa ta fito sarai. Yana ta maimaita amsarsa ne ƙasa-ƙasa don kada ta gudu kafin a kira shi. Turanci ne mai ɗingishi, amma ko yaro zai gane: wai yana da 'ya, ita ce autarsa, kuma ita ce malamar nan da ke tsaye.

Malama ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta kafa ido a kan takalminta.

"Ai ana gane Turancinsa," in ji Dakta. Ta rufe kwamfutar. "Darasin ya cika sharaɗi, kin wuce. A gaba ki riƙa kiran na baya."

Da ma zaginta ta yi, da ya fi mata sauƙi.

Ba ta wuce gida ba, shagon Baba ta nufa. Ta same shi ya kwance cikin wani tsohon keke, ƙananan ƙarafa a jere a kan tsumma, yatsunsa duk mai. Yana ganinta ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Yaya, Auta? An dace?"

"An dace, Baba."

"Alhamdu lillahi. Yau sai a kira yayanki a gaya masa."

Ta zauna a bakin benci. Ta so ta faɗi abin da ta ce a ofis, bakinta ya ƙi. Abin da ta iya fitarwa shi ne, "Baba, na ga ka ɗaga dama."

"Eh, wannan ɗin na san ta. Na yi ta bitarta a nan shago, har maƙwabcina ya ce ko na fara zancen zuci ne." Ya yi 'yar dariya, ya goge hannunsa da tsumma. "Amma kin yi daidai da kika tsallake ni. Tun da kika mai da ni baya na gane. Ni ne dai zumuɗi ya ɗebe ni. Da na buɗe bakin nan, da na kunyata ki a gaban manyanki."

Ya faɗe ta ne ba fushi, ba gori, yadda zai gaya wa mai keke cewa allurarsa ce ta karye. Sannan ya jawo keken gabansa, ya ce ta ɗan matsa, tana tare masa haske.