Daƙiƙa Biyar na Jairo

Mutum-mutumin ya tafi mita ɗaya tiryan-tiryan, sai ya fara karkata hagu kamar jakin da ya hango dusa, har ya je ya daki ƙafar teburin alƙalai. Zauren gasar makarantun Daura ya ɗauki dariya. Siddiƙa ta ji kamar ta nutse.

Ita ce mai rubuta umarnin kwamfuta a tawagarsu. Aikinta jairo ne, wata 'yar na'ura da ba ta kai akwatin ashana ba, mai gaya wa mutum-mutumin inda ya fuskanta. Malam Jibril, mataimakin shugaban makaranta kuma aminin mahaifinta, ya iso yana gyara hula.

"Siddiƙa, saura zagaye biyu. In ya sake kaucewa, Rauda 'yar tawagarku za ta karɓi aikin, ke kuma ba ke ba zuwa gasar jiha a Katsina. Na gaya wa babanki tun farko, abin nan ya fi ƙarfinki."

Ta durƙusa gaban kwamfuta. Sai da ta yi wata guda tana roƙon mahaifinta a garinsu Babban Mutum kafin ya yarda ta shiga.

"Ni abin da ban gane ba," in ji Chisom, 'yar tawagarsu wadda ta haɗa tayoyin da kayan shagon babanta, "in mu kaɗai ne, lafiya lau yake tafiya. Da zarar Malam ya zo, sai ya haukace. Ko tsoronsa yake ji?"

Siddiƙa ta ɗago. In an kunna jairo, daƙiƙa biyar yake so babu motsi, don ya san menene tsayuwa. Shi kuwa Malam, bawan Allah, da an danna maɓalli yake sunkuyawa ya ɗauki mutum-mutumin, ya tofe shi da addu'a gaba da baya, sannan ya ajiye. Jairo sai ya ɗauki juyin hannun Malam a matsayin tsayuwa.

"Malam ne," ta faɗa a hankali.

"To gaya masa mana!"

"In ce wa sa'an babana ya daina taɓawa? Ga shi kuma addu'a ce? Chisom, bakina ba zai iya ba."

Minti shida suka rage. Ta goge tsohon layin, ta rubuta sabo: kada jairo ya fara awo sai motsi ya tsaya cak, sannan ya ƙirga biyar, fitila ta koma kore. Ba ta samu damar gwadawa ba aka kira su.

Ta danna maɓalli. Malam ya ɗauka, ya tofa, ya juya, ya ajiye. Jar fitila ta yi ta ci. Sai ga kore. Mutum-mutumin ya miƙe, ya yi kwana, ya tsaya daidai kan layi.

Ana tafi, amma Malam bai tafa ba. Shekara talatin yana koyar da kimiyya, idonsa bai mutu ba. Ya janye ta gefe.

"Me ya sa fitilar ta jira sai da na ajiye?"

Ta kalli takalminta.

"Sati uku ina yi miki faɗa gaban ƙawayenki. Ashe ni ne?"

"Ni ce ban rubuta da kyau ba, Malam."

Ya daɗe yana kallonta. Tausayinsa ya kama ta, har ta gwammace a ce an cire ta.

Da aka kira zagaye na ƙarshe, ta danna maɓalli, ta matsa don ta ba shi wuri kamar kullum. Malam bai taso ba. Yana tsaye can bayan layi, hannayensa biyu cikin aljihun babbar riga, leɓɓansa na motsi.